Kayan da na gidan abincin Aburi: inda aka tsaya

Ga abin da na tattaro daga shawarwarin da aka bayar kan ƙawata gidan abincin ɗan'uwanmu a saman dutsen Aburi a Ghana:

1. Kusan kowa ya ce a sa kayan gida na gaske: turmi, dutsen guga na gawayi, fitilar ƙwai, ƙoren kakanninmu na unguwar Nima a Accra.

2. Sulallan kafin sidi, kuɗin Ghana, ta zo a 1965, a sa su cikin gilashi.

3. Laima ce babbar matsala. Hazon Aburi na sa fata fumfuna, tagulla ta yi kore. A riƙa gogewa, kada a jingina da bango. Wannan na fi jin tsoro.

4. An rabu kan mutum-mutumin masassaƙa: dattawa sun ƙi, matasa suka ce baƙi na so. Kujerar gargajiya ta ƙabilar Asante kuwa babu mai ja.