Jinyar Hajiya ta faɗo kaina, ta yaya zan tsara masu son taimaka mana?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Hawan jini ya kayar da mahaifiyarmu bayan ƙaramar salla, ɓarin jikinta na dama ya shanye, maganarta ma ba ta fita sosai. An sallamo mu daga asibiti, muna gida a nan Kano. A gidan akwai ƙanina da shan-inna ta taɓa wa ƙafafu tun yana yaro, yanzu ya haura talatin, kuma da ma Hajiya ce ke yi masa girki da wanki.

Mu shida ta haifa, ni ce babbar mace, sai na baro ɗakina na tare wajenta. Ba a guje mu ba. Ranar Juma'a da Lahadi gidan ba masaka tsinke, lemo da ayaba har su ruɓe. Amma cikin dare in za a juya ta ko a canja mata shimfiɗa, ni kaɗai ce. Yayanmu na Abuja yana turo kuɗi, yau ga wannan gobe ga wancan, har a sayo magani iri ɗaya sau biyu alhali babu kuɗin gashi, wato motsa mata gaɓoɓi a asibiti. Matan unguwa sun ce in kira su duk sanda nake bukata, nauyinsu nake ji. Maigidana yana ta haƙuri, ga yara 'yan makaranta, ga bayana ya fara ciwo. Ta ina zan fara?

Wata nas mai ritaya:
Wa alaikumus salam 'yata, sannu da jinya, Allah ya sa kaffara ne. Ki fara da sanin aikin kansa, don sai kin san shi za ki iya raba shi. Mai kwanciya irin ta Hajiya ana juya ta duk bayan awa 2, a riƙa duba ƙugu da ɗuwawu da dunduniya da kafaɗa. Kika ga wuri ya yi ja kuma jan ya ƙi bajewa, gyambon kwanciya ne ke shirin fitowa, in kuwa ya buɗe ya fi shanyewar wahalar jinya. Kada a ba ta abinci ko ruwa tana kwance. A zaunar da ita sosai, a bar ta a zaune kamar rabin awa bayan ta gama, in tana yawan ƙwarewa a gaya wa likita. Maganin hawan jini ba a dainawa don an ga sauƙi. Gashi kuma yanzu ne lokacinsa, watanni 3 zuwa 6 na farko su ne jiki ya fi amsawa. Akwai sashen gashi a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala. Ranar zuwa ki tafi da mutum biyu su koyi motsa hannun da ƙafar, kada ilimin ya tsaya a kanki ke kaɗai. Sannan ki daina cicciɓarta. Ku shimfiɗa zani mai ƙwari a ƙarƙashinta, mutum biyu su kama gefe da gefe su ja. Kuma kada wanda ya ja ta ta hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa.

Wani daga Zariya:
Mun yi jinyar mahaifinmu da irin wannan lalura. 'Yar'uwa, masu taimako kina da su, ba wanda ya san nasa aikin ne kawai. Ki sa Yaya ya kira taron ku shida, shi ya kira ba ke ba, don in daga bakinki ya fito za a ce ƙorafi ne. Na nesa ya shigo ta waya. A wajen taron kada ku yarda da "za mu riƙa leƙowa". A ɗora wa kowane aiki suna: wane ne mai kai ta asibiti, wace ce mai kwana daren Litinin, wa zai sayo magani da kunzugun manya. Kuɗi su riƙa shiga hannun mutum ɗaya, duk ƙarshen wata ya turo lissafi kowa ya gani. Mu abin da ya kusa raba kanmu ke nan, zargi a kan kuɗi, sai da aka koma rubutawa zukata suka kwanta. Matan yayyenki ma a sa su cikin masu kwana.

Wata malamar Islamiyya:
Malam na Zariya ya yi magana mai kyau, amma a kan matan 'yan'uwa ina da ja. Jinyar uwa a wuyan 'ya'yanta take, maza da mata. Suruka in ta yi, alheri ta yi, a roƙe ta a gode mata. Aka tilasta ta, Hajiya ce za ta ji a jikinta, ga ta kuma ba bakin faɗa. Namijin da matarsa ba za ta iya ba, ya biya mai kwana daga aljihunsa. Ke kuma ƙanwata, matan unguwar nan da gaske suke, amma ba wadda za ta shigo ta ce ba ni wankin. Ki roƙi abu ƙarami mai iyaka: wance ki zauna da Hajiya daga azahar zuwa la'asar ranar Laraba in yi barci. Ki samu dattijuwa ɗaya da ake jin maganarta ta tsara miki su, kin huta da jin nauyi. Masu zuwa dubiya kuma a faɗa musu da ladabi cewa sabulu da omo da kunzugu sun fi lemo amfani.

Wani mai keken hannu:
'Yar'uwa, ki gafarce ni, na ga kin lissafa ƙaninki cikin masu bukatar jinya. Ni ma shan-inna ce ta same ni, kuma ina da mata da 'ya'ya. Ƙafa ce ba shi da ita. Shi ne kullum yake gidan, kuma uwarsa ce kwance, na tabbata abin yana cin sa fiye da yadda yake nunawa. Ki ba shi littafin jinya: lokacin magani, awon jini, ranar komawa asibiti, wa ke da kwana yau. Shi zai riƙa buga waya yana tunatar da mutane. A sauko masa da risho da bokiti inda hannunsa zai kai, a gyara dokin ƙofa keke ya riƙa wucewa, za ki ga girki da wankinsa sun bar wuyanki. Ki tambaye shi me yake so kafin a yanke komai a kansa. Ya kuma nemi reshen JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu bukata ta musamman, ya yi rajista. Dokar hana nuna mana bambanci da aka sa wa hannu a 2019 ta ce a fara da mu a layi, kuma tun 2020 akwai hukumar tarayya da ke kula da lamuranmu.

Wani ma'aikacin lafiya a matakin farko:
Ƙari a kan kuɗi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma tsofaffi da masu bukata ta musamman suna cikin waɗanda ake yi wa rajista. A Kano hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wato KSCHMA, ce ke riƙe da wannan rajistar. Ku je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku da lambar NIN ta Hajiya da ta ƙaninki ku tambaya. Gurbi yakan cike, don haka kada ku jingina jinyar a kansa, amma ku sa suna. Manyan asibitoci suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya, akwai kuma Hukumar Zakka da Hubusi in abin ya fi ƙarfinku. Wannan zirga-zirgar a ba ɗaya daga cikin mazan.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na yi magana da ƙanina, ya karɓi littafin da murna, har ya ce shi zai kira Yaya. Abin da ya rage: in na koma ɗakina wasu ranakun, ina tsoron Hajiya ta ga kamar na gaji da ita.

Nas mai ritaya:
Ki gaya mata da bakinki, 'yata. Da yawa daga cikin masu wannan lalura suna gane magana ko da tasu ba ta fita. Ki faɗa mata ranar tafiya da ranar dawowa da wadda za ta kwana, kuma ki cika alkawarin. Daren farko ku kwana tare da mai karɓar ki, ta ga yadda kike juya ta da yadda Hajiya ke nuna tana son ruwa ko bayan gida. Ki bar mata lambar mai motar da za a kira, ki kuma gargaɗe ta: in baki ya ƙara karkacewa, ko numfashi ya canja, ko Hajiya ta ƙi farkawa, a tafi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.