Tambaya kan Abraham Cahan, editan jaridar Yahudawa ta New York

Ɗalibar_Jarida:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman taimako, malaminmu ya ba mu aikin gida kan jaridun da baƙi ke bugawa da harshensu a ƙasar da suka yi hijira zuwa cikinta, ni an ba ni Abraham Cahan, editan wata jaridar Yahudawa a Amurka. Abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda mutum zai zo baƙo ba shi da ko sisi amma ya riƙe jarida kusan shekara 50. Kuma me suke rubutawa kullum haka, labarin addininsu ne ko na Isra'ila? Wanda ya sani ya taimaka min dan Allah.

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam 'yata. To ki fara cire Isra'ila daga lissafi tukuna, don ita sai 1948 aka kafa ta, jaridar kuwa tun 1897 take fita, sunanta Forverts, masu Turanci suna ce mata Forward. Da harshen Yiddish ake buga ta, wato harshen Yahudawan gabashin Turai, ya yi kusa da Jamusanci amma da baƙaƙen Ibrananci ake rubuta shi, kamar dai yadda muke rubuta Hausa da ajami.

Shi Cahan an haife shi 1860 a wani ƙauye kusa da Vilna, yanzu ƙasar Lithuania ce amma lokacin tana hannun sarkin Rasha. Karatun malanta ya yi, sai ya faɗa cikin matasa masu ra'ayin gurguzu, da aka kashe sarki Alexander na biyu a 1881 'yan sanda suka shiga farautar irinsu shi ne ya gudu ya isa Amurka a 1882. Ya yi aiki a masana'antar sigari, ya koyi Turanci har ya koma yana koyar da 'yan uwansa baƙi da daddare. Kuma ba shi kaɗai ya zo ba fa, daga wajen 1881 zuwa 1924 Yahudawa kusan miliyan 2 ne suka kwararo daga gabashin Turai saboda kashe-kashe da talauci, da yawansu suka cunkushe a unguwar Lower East Side ta birnin New York suna ɗinki a shaguna tun safe har dare kan kuɗi kaɗan. Waɗannan su ne masu karanta shi.

Abin da nake so ki kama da kyau shi ne wannan. Yana cikin waɗanda suka kafa jaridar amma ko shekara bai yi ba ya fice, don abokansa so suke a cika ta da dogon wa'azin jam'iyyar gurguzu da rigimar aƙida wanda tela da ya gaji ba zai iya karantawa ba. Ya tafi wata jaridar Turanci, Commercial Advertiser, ya yi kusan shekara 4 yana yawon neman labari a titi da ofishin 'yan sanda, can ya ga yadda ake rubuta labarin mutane ya ja hankali. Da ya dawo ya zauna daram a 1903 sai da aka sakar masa ragama gaba ɗaya, kuma bai sauka ba har ya rasu a 1951. Ya sa a riƙa rubutu da Yiddish ɗin da ake yi a kasuwa da cikin gida, har da kalmomin Turancin da mutane suka ara, masana harshe suna ta zaginsa wai ya ɓata harshe, shi ko ko a jikinsa.

Maman Ilham:
Baba ya faɗi gaskiya amma ni abin da ya fi taɓa ni shi ne shafin wasiƙu da ya buɗe a 1906, Bintel Brief. Mutane ne ke rubuto damuwarsu edita yana ba su amsa, kuma da farko shi da kansa yake amsawa. Mace ta rubuto mijinta ya riga ta zuwa Amurka ya manta da ita da yara, saurayi ya rubuto yana son wadda ba Bayahudiya ba iyaye sun ƙi, uba ya rubuto ɗansa ya daina zuwa wurin ibada ya aske gemu yana jin kunyar yaren gida, ma'aikaci ya rubuto mai shago ya zabtare masa albashi ya zai yi. Wlh duk wanda ya karanta irin waɗannan zai gane cewa mutanen nan ba su da kowa ne, sun baro malamansu da dattawan garinsu a can baya, sai jarida ta zame musu wurin kai kuka. Har wani shafi suka yi da ake buga hotunan mazan da suka gudu suka bar matansu don a taya nemansu, ki duba fa, a wancan zamanin.

Ƙanwata kar ki manta da gobarar masana'antar riguna ta Triangle a watan Maris 1911, mutum 146 suka mutu yawancinsu 'yan mata baƙi, Yahudawa da 'yan Italiya, an kulle ƙofofi ba hanyar fita. Jaridar ta tsaya wa ƙungiyoyin ƙwadago sosai kafin nan da bayan nan, shi ya sa talakawa suka riƙe ta tasu ce, har ta kai ana buga sama da kwafi 200,000 a rana a shekarun 1920.

Abu Sadiq:
Ni dai kar a mayar da shi waliyyi. Mutum ne mai kafiya da mulkin mallaka a ofis, in ya juya maka baya shike nan. Ku duba abin da ya yi wa Sholem Asch, babban marubucinsu ne shekara da shekaru, amma da ya rubuta littafi kan rayuwar Annabi Isa (AS) a 1939 Cahan ya ƙi bugawa kuma ya bi shi da suka ba ƙaƙƙautawa. Haka ya yi ta fafatawa da 'yan kwaminis masu jaridar Frayhayt, ko da yake a nan kam ina ganin yana da hujja don ya je Tarayyar Sobiyet da kansa a 1927 ya ga abin da ake ciki.

Batun Isra'ila da kika tambaya, da farko ba ya goyon bayan masu aƙidar Sahyoniyanci, wato masu son kafa wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu, ganinsa ma'aikaci ya gyara rayuwarsa a inda yake. Sai bayan ya ziyarci Falasɗinu a 1925 ya sassauto ya fara yabon ƙungiyoyin ƙwadagon Yahudawa na can, wasu tsofaffin abokansa ba su ji daɗi ba. Ki sa wannan a aikinki don malamin ya ga kin duba ɓangare biyu.

Ɗalibar_Jarida:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. To Baba jaridar tana nan har yanzu ko ta mutu da shi?

Baba Mai Rediyo:
Tana nan amma ba kamar da ba, kuma wani ɓangare na dalilin aikinsa ne ya jawo. Shi ne ya yi ta matsa wa masu karatu su koyi Turanci, su karɓi takardar zama 'yan ƙasa, su bar yara su yi boko har da bayanin yadda ake wasan besbol ya buga musu, to yaran da suka tashi sai suka koma karanta jaridun Turanci. Ga dokar 1924 da ta rufe ƙofar shigowar baƙi, ga kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa miliyan 6 wanda mafi yawansu masu jin Yiddish ne, sababbin masu karatu suka yanke. Duk da haka a shafin jaridar marubuci Isaac Bashevis Singer ya yi ta buga labaransa har ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1978. A 1983 ta koma mako-mako, 1990 aka fara ta Turanci, 2008 aka naɗa Jane Eisner mace ta farko da ta zama babbar edita, 2019 suka daina buga takarda suka koma intanet kacokan, amma har yau akwai sashen Yiddish. In za ki rubuta ki raba shi biyu 'yata, kafin 1903 da bayan 1903, zai fi miki sauƙin tsarawa.