Muhawara: Fastocin Amurka ne ke juya akalar manufofinta na waje?

Bashir: Assalamu alaikum jama'a. Ga inda na tsaya, mai ja ya fito: duk manufar Amurka ta waje da ta shafi Musulmi, ƙungiyoyin Kiristoci masu ra'ayin riƙau ne ke ƙulla ta, shugaban ƙasa sa hannu kawai yake yi. Ku dubi Birnin Ƙudus. Tun 1995 majalisarsu ta yi dokar mayar da ofishin jakadanci can, amma Clinton da Bush da Obama kowa ya riƙa ɗage ta duk wata shida. Trump ya zo ya aiwatar. Ranar 14 ga Mayun 2018 da aka buɗe ofishin, Fasto Robert Jeffress ne ya yi addu'ar buɗewa, Fasto John Hagee, wanda ya kafa ƙungiyar CUFI ta Kiristoci magoya bayan Isra'ila a 2006, ya yi ta rufewa. A wannan yinin sojojin Isra'ila suka harbe Falasɗinawa sama da 50 a shingen Gaza. Kuma Trump da bakinsa ya faɗa a jihar Wisconsin a 2020 cewa saboda Kiristoci masu bishara ya yi.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Bashir, misalinka ba ƙura a cikinsa, amma ka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Ƙarfin mutanen nan a akwatin zaɓe yake. Kusan kashi 80 cikin 100 na fararen fata masu bishara Trump suka zaɓa a 2016, kuma su ne ke fitowa da yawa a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Republican. Saboda haka shugaba yana biya musu buƙatar da ba za ta ci masa tsada ba. Da zarar buƙatar ta ci karo da mai ko ciniki ko tsaro, sai a ajiye su gefe. Saudiyya na cikin jerin ƙasashen da Amurka ta ce suna tauye 'yancin addini tun 2004, ba a yarda a gina coci ko ɗaya a ƙasar ba, amma kullum ana ɗauke mata takunkumin da dokar ta tanada, ana kuma sayar mata da makamai. A 2000 wasu manyan ƙungiyoyinsu sun yi ta kamun ƙafa don kada a ba Sin matsayin abokiyar ciniki ta dindindin saboda tsananta wa Kiristoci. 'Yan kasuwa suka kayar da su, dokar ta wuce.

Anti Ladi: Kafin ku yi nisa, don Allah a daina cewa “Kiristoci” kamar duk kanmu ɗaya. Ni Kirista ce, Bahaushiya, kuma Hagee ba ya magana da yawuna. Shugabannin coci-cocin Ƙudus sun rubuta wa Trump wasiƙa a Disambar 2017 suna roƙon kada ya taɓa matsayin birnin. Fafaroman Kibɗawan Masar, Tawadros, ya ƙi ganin Mike Pence, mataimakin shugaban Amurka na lokacin, saboda wannan matakin. Fafaroma John Paul na biyu ya yi adawa da yaƙin Iraƙi a 2003, yayin da wasu fastocin Amurka suka sa masa albarka. Wa ya sha wahalar yaƙin? Kiristocin Iraƙi sun haura miliyan ɗaya kafinsa, yanzu 'yan dubu ɗaruruwa ne suka rage.

Bashir: Anti, ban haɗa da ku ba wallahi, na Amurka nake nufi. Malam kuma, ranka ya daɗe, yaya za ka yi da Turkiyya? Ƙasa ce ta ƙawancen NATO. Saboda fasto guda, Andrew Brunson, Amurka ta ƙaƙaba wa ministocinta biyu takunkumi a Agustan 2018, ta ninka kuɗin fiton ƙarafanta, kuɗin lira ya faɗi warwas. Zuwa Oktoba an sake shi. Wannan ma buƙata mai arha ce?

Malam Sani: Wannan na ba ka, nasara ce tasu tsantsa. Sai dai lokacin zaɓen tsakiyar wa'adi ya ƙarato, kuma dama akwai tsamin dangantaka da Erdogan kan Siriya da makaman Rasha. Idan buƙatarsu ta dace da inda gwamnati ta riga ta karkata, to nan ne ake ganin ƙarfinsu.

Hajiya Hauwa: Ku kuna maganar sama, ni bari in faɗa muku yadda abin ke saukowa har asibitin karkara. Akwai ƙa'idar da Reagan ya kawo a 1984, ana kiran ta manufar Mexico City: duk ƙungiyar waje da ke karɓar tallafin lafiya na Amurka ba za ta yi aikin zubar da ciki ko ta tallata shi ba, ko da da kuɗinta ne. Clinton ya soke a 1993, Bush ya dawo da ita a 2001, Obama ya soke a 2009, Trump ya dawo da ita a 2017 ya kuma faɗaɗa ta, Biden ya soke a 2021, Trump ya sake dawo da ita a 2025. Ba Musulmi aka nufa da ita ba, Bashir, rigimarsu ce ta cikin gida. Amma a wani shirin da na yi aiki, ƙungiyar da ke kawo mana kayan tazarar haihuwa ta ƙi sa hannu, tallafin ya tsaya. Mace za ta taho daga ƙauye a kan babur, goye da jariri, ranar allurarta ta wata uku ta yi, ka buɗe kabad ka ga wayam. Abin da za ka ce mata kawai shi ne ta dawo wani watan.

Yakubu: Hajiya, a faɗi alherinsu ma. Shirin PEPFAR na yaƙi da cutar ƙanjamau da Bush ya ƙaddamar a 2003 da dala biliyan 15, masu bishara irin su Franklin Graham na cikin waɗanda suka tura shi. Maganin rage kaifin cutar ƙanjamau da ake karɓa kyauta a asibitocinmu, kaso mai yawa daga nan yake, kuma ba a tambayar addininka a layi.

Hajiya Hauwa: Haka ne ɗana, na raba maganin da hannuna. Amma su ne kuma suka sa aka ware kashi ɗaya bisa uku na kuɗin rigakafi don wa'azin ƙauracewa jima'i kafin aure, sai a 2008 aka cire sharaɗin. Kuma da Trump ya dakatar da tallafin waje a farkon 2025 aka rushe hukumar USAID, ƙungiyoyin agaji na coci irin su Catholic Relief Services na cikin waɗanda abin ya fi daka. Sun yi kuka, ba wanda ya saurare su.

Malam Sani: Kun ji ko. Da su ke riƙe da akala, da hakan bai faru ba.

Bashir: To Sudan fa? Su suka riƙa yayata yaƙin kudu a matsayin Larabawa Musulmi na bautar da Kiristoci. Bush ya naɗa John Danforth, tsohon sanata kuma limamin coci, manzo na musamman a 2001, aka yi dokar zaman lafiyar Sudan a 2002, yarjejeniya a 2005, ƙasa ta rabe a 2011. Shekara biyu bayan nan shugabannin Sudan ta Kudu, Salva Kiir da Riek Machar, duka Kiristoci, suka jefa sabuwar ƙasar cikin yaƙi, masu kamun ƙafar suka yi tsit. Irin wannan labarin ake ɗinka wa Najeriya yanzu. Pompeo, sakataren harkokin wajen Trump, ya sa mu a jerin ƙasashen da ke tauye 'yancin addini a Disambar 2020, Blinken, na gwamnatin Biden, ya cire mu a Nuwambar 2021, Sanata Ted Cruz ya kawo ƙudiri a 2025, Trump ya mayar da mu a ƙarshen Oktoba, ranar Kirsimeti kuma makamai masu linzami na Amurka suka sauka a jihar Sakkwato.

Anti Ladi: Bashir, nan ne za mu rabu. Ba a Washington aka ƙirƙiri gawarwakin Bokkos da Barikin Ladi ba, mutum sama da 100 a jajibirin Kirsimetin 2023. Ba su suka ƙirƙiri harin cocin Owo na 2022 ba, ko Leah Sharibu da aka riƙe tun 2018 bayan an sako sauran 'yan matan Dapchi. Na je ta'aziyya wani ƙauye a Filato, na ga rami ɗaya dogo da aka jera mutane a ciki, mata na zaune a gindin bangon da ya ƙone ba mai iya kuka. Wanda hukuma ba ta kare shi ba, duk wanda ya saurare shi zai kai wa kuka, ko a ina yake.

Bashir: Allah ya sani ban musa ko ɗaya ba, Anti. Amma babban masallacin Kano fa, ranar Juma'a 28 ga Nuwamban 2014, sama da mutum 100? Ƙauyukan Zamfara da Katsina da ake kwashewa kullum? Idan aka kai rabin labari majalisar Amurka, rabin magani za a aiko mana, kuma maƙwabci zai fara yi wa maƙwabcinsa kallon maƙiyi.

Anti Ladi: To ku kai ɗaya rabin mana. Dokar 1998 da ta kafa USCIRF, hukumar Amurka mai sa ido kan 'yancin addini a duniya, ba ta Kirista kaɗai ba ce. Hukumar ta yi magana kan Musulmin Rohingya da na Uyghur, kuma tun 2020 take neman a sa Indiya a jerin saboda abin da ake yi wa Musulmi da Kiristoci.

Malam Sani: Kuma ba a sa Indiya ba har yau, saboda Amurka na buƙatar ta a gaban Sin. Najeriya ba ta da irin wannan garkuwar, shi ya sa kamun ƙafar ya yi tasiri a kanmu. Harin Sakkwato ma gwamnatinmu ta ce da haɗin kanta aka kai shi.

Bashir: Ta faɗi haka bayan an yi mata barazana a bainar duniya, Malam. Ni ban ɗauki wannan a matsayin haɗin kai ba.

Yakubu: Ni tambayata ga Malam ita ce, idan rauninmu ne ya ba su dama, me ya sa Biden ya cire mu alhali raunin na nan? Ashe ke nan wanda ke mulki, da waɗanda suka zaɓe shi, su ne bambancin. Wannan kuwa ya fi kusa da maganar Bashir.