Wace lamba ce ainihin sunan iMac ɗina?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana kwamfuta ku fitar da ni daga duhu.

Ina so in ƙara wa iMac ɗina (kwamfutar tebur ta Apple) mai inci 27 RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, amma lambobin da ke jikinta sun rikita ni. A ƙarƙashin ƙafarta an rubuta A1419, cikin System Report (shafin da ke nuna bayanan kwamfutar) kuma na ga iMac18,3. Da na bi A1419 sai na tarar tun daga 2012 har 2017 duk masu inci 27 ita suke ɗauke da ita, alhali na farkon RAM nau'in DDR3 suke ci, ta 2017 kuwa DDR4. Ka ga wannan lambar ba ta raba gardama ba.

To 18,3 ɗin fa? Da farko na zaci 18 shekara ce, sai na ga ta ƙarshen 2015 ana kiranta iMac17,1. Lambar bayan waƙafin ma ta ƙi zama wuri ɗaya: a 2017 babbar, wato mai inci 27, ita ce 18,3, a 2019 kuma babbar ta koma 19,1.

Shin akwai ƙa'idar karanta su, ko sai dai a duba jadawali kawai? Kuma wacce zan nuna wa mai sayar da RAM kada in kwaso wanda ba zai shiga ba?