Laimata tana buɗewa da fizga: naɗi ne sanadi ko wani abu dabam?

Ɗan Koyo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka daɗe a wasan dirowa daga jirgin sama ce, musamman masu naɗa laima da hannunsu. Na yi dira 140 zuwa yanzu, kuma watanni uku ke nan da na sayi laima a hannun wani wanda ya ce ya yi kusan dira 500 da ita, ba a taɓa sauya mata igiyoyi ba. A dira goma na baya-bayan nan, sau biyu ta buɗe mini da ƙarfin da ban taɓa ji ba. A karo na biyu har sai da idanuna suka yi duhu, maɗauri ya ƙuje mini cinyoyi, kuma na kwana huɗu ban iya juya wuyana yadda ya kamata ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ni nake naɗa ta da kaina, kuma a ganina yadda na naɗa ta ranar da ta buɗe lafiya haka na naɗa ta ranar da ta fizge ni. Wani ya ba ni shawara in riƙa murɗe bakin laimar ina cusa shi ciki, na yi, amma fizga ta biyu bayan haka ta zo. Robobin da ke riƙe igiyoyi kuwa zagaye ɗaya nake yi musu, domin ina tsoron kada jakar ciki, wato wadda ake tura naɗaɗɗiyar laimar a cikinta, ta ƙi buɗewa. Shin a naɗin ne nake kuskure, ko laimar ce take da matsala?

Mai Naɗi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin a yi maganar naɗi, ya kamata a tuna abin da naɗin yake ƙoƙarin kiyayewa. Mutumin da yake faɗowa a kan cikinsa yana gudun kusan kilomita 200 a sa'a, kuma an tsara kayan ne su rage wannan gudu mataki-mataki cikin 'yan daƙiƙu: 'yar laima, wato ƙaramar laimar da mai dira yake jefawa da hannu, ta kama iska ta ɗago jakar ciki, igiyoyi su warware daga robobi ɗaya bayan ɗaya har su miƙe tsaf, sannan ne jakar za ta buɗe ƙyallen ya fito, silaida kuma, wato ɗan ƙyalle mai zobba huɗu da igiyoyi suke ratsawa ta cikinsu, ta tsaya a can sama tana hana laimar cika gaba ɗaya har sai gudu ya ragu. Mafi yawan fizgar da naɗi yake jawowa daga rushewar wannan jeri take fitowa, wato wani mataki ya riga wanda ya kamata ya gabace shi.

Abu na farko da zan duba shi ne silaida. Dole zobbanta huɗu su kasance manne da matokaransu a jikin laimar, kuma a baza ƙyallenta gaba da baya da gefe biyu, ta yadda iska za ta fara cin karo da ita kafin ta shiga laimar. Kusan kowa yana yin wannan daidai a farkon naɗi. Inda ake rasa ta shi ne lokacin da aka kwantar da laimar a ƙasa ana matse iska, da lokacin da ake kokawar tura ta cikin jaka, domin ƙyallen da iska ba ta ratsa shi yana da santsi, kuma idan hannu ya saki wurin da zobban suke, silaida takan zame ƙasa da 'yan santimita ba tare da mai naɗi ya gani ba. Wannan ɗan zamewar ya isa ya sa laima ta cika kafin silaida ta yi aikinta. Shi ya sa kake ganin naɗinka iri ɗaya ne kullum, alhali a ciki ba ɗaya ba ne. Idan kuma silaidarka irin wadda ake zuge ta bayan buɗewa ce, ka tabbatar ka warware ta gaba ɗaya kafin ka fara.

Na biyu kuwa, ka riga ka faɗe shi da bakinka: robobi. Idan sun yi sako-sako, fizgar 'yar laima kan sa igiyoyi su zube a lokaci guda, kuma idan zubewar ta kai ga robobin da suka kulle bakin jaka, ƙyallen zai fito ya fara shan iska tun igiyoyi ba su miƙe ba. A nan silaida ba ta da abin da za ta tsaya a kai, don haka duk nauyin gudunka jikinka ne zai ɗauka lokacin da igiyoyin suka miƙe. Kamfanin Performance Designs mai ƙera laimomi yana ba da shawarar a riƙa yi wa roba zagaye biyu, kuma kowace ɗauri ta buƙaci jan fam 8 zuwa 12 kafin ta saki, wato kilo huɗu zuwa biyar ko makamancin haka. Madaukin igiyar da ke cikin roba ya kai santimita biyar zuwa shida, a kuma bar wajen rabin mita na igiya ba a ɗaure ba tsakanin jaka da maɗauran kafaɗa. Tsoronka na kullewar jaka na fahimce shi, amma robar da aka yi domin wannan aiki takan tsinke idan jan ya yi yawa. A ganina haɗarin zubewar igiyoyi ya fi kusa da kai nesa ba kusa ba.

Murɗe bakin laima ba na ba da shawararsa sai idan littafin masana'antar ya ce a yi, domin a wasu laimomin abin da yake haifarwa shi ne buɗewa a karkace.

Tsohon Hannu ya amsa:

Na yarda da bayanin Malam Mai Naɗi, sai dai ba na so a ɗora wa naɗi dukkan laifin, domin akwai maganar dira 500 da ba a sauya igiyoyi ba. Ka fara gano irin igiyar da ke jikin laimarka. Idan Spectra ce, zafin gogayyar zobban silaida yana sa ta ƙanƙance sannu a hankali, kuma igiyoyin gefe da na birki sun fi shan wannan gogayya, saboda haka tsawonsu yakan kauce wa ma'aunin da aka ƙera laimar da shi, yanayin buɗewarta kuma ya sauya komai kyawun naɗi. Vectran da HMA sun fi riƙe tsawonsu, amma ba sa miƙewa, don haka idan fizga ta zo ba sa rage maka komai daga cikinta. Dacron ta fi kauri da cin wuri a jaka, amma tana ɗan miƙewa, shi ya sa wasu masu ɗaukar hoto da ke ɗauke da kyamara a kai suke zaɓarta domin kare wuyansu.

Ka kai kayan wurin ƙwararren mai gyaran laima ya auna igiyoyin da jadawalin masana'anta, ya duba girman silaidar ko ita ce ta asali, ya kuma duba 'yar laimar, domin wadda ta fi ƙima girma tana fizgar jaka da ƙarfin da zai sa ko robobi masu kyau su saki igiyoyi. Tunda a hannu ka saya, babu tabbacin cewa duk abin da ke jiki tare suka fito daga masana'anta.

'Yar Gajimare ta amsa:

Ɗan'uwa, maganar wuyanka ta fi damuna. Mutumin da ya ga duhu kuma ya kwana huɗu ba ya juya kai ya kamata likita ya duba shi kafin ya sake hawa jirgi, domin irin wannan fizga takan taɓa ƙashin wuya da na baya, kuma an rasa rayuka ta dalilinta.

Sannan ka tuna abin da kake yi a daƙiƙun ƙarshe kafin ka jefa 'yar laima a waɗannan dira biyun. Ni fizgar da ta fi tsanani da na taɓa sha ba daga naɗi ta zo ba. Na rabu da abokan dira ina sheƙa gudu domin in yi nesa da su, kaina a ƙasa-ƙasa, na jefa ba tare da na baje jikina na rage gudun ba. Ƙarfin da iska take bugun ƙyalle da shi yana ƙaruwa fiye da yadda gudu yake ƙaruwa: idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin sau huɗu yake ninkawa, saboda haka ɗan ƙari kaɗan yana da tasiri sosai. Ka rabu da mutane da wuri domin ka sami daƙiƙa biyu ko uku na baje jiki, kafaɗunka a daidaice, kuma ka ɗaure maɗauran cinya sosai tun a ƙasa, domin idan sun yi sako-sako jikinka zai faɗa cikinsu ne da ƙarfi.

Ɗan Koyo ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na je wurin likita, an ɗauki hoton wuyan, ya ce tsoka ce ta ji ciwo, kuma in huta mako uku. Mai gyaran laima ya auna igiyoyin, Spectra ce, kuma na gefe sun gajarta har ya ce a sauya su baki ɗaya. Da ya sa na naɗa a gabansa, ya tsayar da ni daidai lokacin da nake ninka laimar zan tura ta cikin jaka, ya buɗe wutsiyar ya nuna mini zobba biyu na silaida sun sauka daga matokaransu da faɗin yatsu uku. Robobin kuma girma biyu ne a cakuɗe a jakar, manyan ko da ɗan yatsa igiya tana zamewa daga cikinsu. Malam Mai Naɗi, idan sabbin igiyoyin suka iso, shin zagaye biyun har da robobin da suka kulle bakin jaka, ko na sauran ɗaurin kaɗai kake nufi?