Za a yi wa Baba aikin zuciya, amma an ce jininsa ya yi ƙasa

Mai tambaya: Assalamu alaikum, don Allah a taimake ni da shawara. A Birnin Kebbi muke. Tun azumi Baba ke dafe ƙirji in ya taka zuwa masallaci. A Abuja aka ce jijiyoyin zuciyarsa uku sun toshe, sai an ciro jijiya daga ƙafa a yi wa jini sabuwar hanya. Fadamar shinkafarmu ta Argungu muka sayar, Yaya babba bai so ba, har yau ba ya ɗaga wayata, matarsa kuma na yawo da ni a dangi wai ni na zuga Inna ta yarda. Kuɗi dai sun haɗu. Yanzu likita ya ɗage aikin mako huɗu, wai a gina jinin tukuna. Me zai hana su ƙara masa leda biyu a wuce wurin?

Maman Walida: Allah ya ba shi lafiya. Ni haihuwar autana, leda ɗaya sai da muka kwana nema, dangin miji duk suka kashe waya. Har gobe ban manta ba.

Kawu na Jega: Ɗiyata, wanga ba abin tada hankali ba ne. A jiƙa karan dafi, ga zogale, ga hanta, malt da madara safe da marece. Kwana goma jini ya cika. Ki tara ɗiyanshi maza su ba da, jinin gida ya fi. Ɗage aiki dabarar cin kuɗi ce.

Malamar jinya: Nawa ne awon? Namiji in Hb ɗinsa, wato awon yawan jininsa, ya gaza 13, yana da ƙarancin jini. Injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu lokacin tiyata yana sirka jini da ruwa, shi ya sa wanda ya shiga da ƙaranci ya fi buƙatar ƙarin jini. Ƙarin kuma ba ruwan sha ba ne, yana iya taɓa huhu da ƙoda. Ki tambaya ko za a ba shi sinadarin ayon, wato ƙarfen da jiki ke gina jini da shi, ta jijiya, ya fi ƙwaya sauri, da ko suna da injin da ke wanke jinin da ya zuba a mayar masa. Kawu, jinin ɗa ga uba yana da haɗarinsa, ƙwayoyin jinin ɗan na iya far wa jikin uban in ba a haska jinin da na'urar da ke kashe ƙarfin waɗannan ƙwayoyin ba.

Mai tambaya: 10.2 ne Anti. An ba shi ƙwayoyin ayon amma na ce ya bari, suna ƙulle masa ciki, bayan gidansa kuma ya yi baƙi.

Malamar jinya: Ƙwayar na sa baƙin, amma jini daga gyambon ciki ma haka yake yi, balle ga mai shan asfirin. Ki gaya wa likitansa yau, kuma kada ku tsayar da asfirin da kanku. Da shayi yake haɗiyar ƙwayar? Shayi da madara suna rage shigar ayon cikin jiki. In ciwon ƙirji ya zo yana zaune, kada ku jira mako huɗun.

Kawu na Jega: Madarar ma yau ta zama laifi? Da ita muka tada uwar ɗiyana. Ku 'yan asibiti komai sai allura.

Mai tambaya: Anti, Baba bai taɓa olsa ba, ni ke jinyarsa na sani. Shayi kuma tun kafin a haife ni yake sha, ba zan hana tsoho ba. In na kira likita ya ce a dawo Abuja, kuɗin motar wa zai biya, Yaya? Kawu, karan dafin dafawa ake ko jiƙawa kawai?

Maman Walida: Wai nawa kuka sayar da fadamar?