Kwano ɗaya muka ci amma sugana ya fi nashi hawa

Maman Ummi:
Salam jama'a, dan Allah ina da tambaya. Ni da maigidana duk muna da ciwon suga, jiya da daddare tuwon shinkafa miyar kuka muka ci kwano ɗaya, bayan awa biyu muka gwada da na'ura nashi 150 nawa kuma 230, to meye dalili ko na'urar ce ta lalace?

Abu Hanif:
Ba lallai na'ura bace Hajiya, kowa da jikinsa. A 2015 masu bincike a cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun bibiyi mutum 800, abinci iri ɗaya amma hawan suga daban-daban, har ƙwayoyin cutar cikin hanji suna da hannu a ciki.

Anti Nas:
Haka ne, ga rashin barci ga maganin da kowa ke sha, kuma ƙila shi ya taka zuwa masallaci ya dawo ke kina zaune, tafiyar nan tana sauke suga sosai. Ki riƙa rubuta abin da kika ci da lambar ki kai wa likitanki, 230 kam ya haura 180, wato iyakar da ba a so sugan mai ciwon suga ya kai awa biyu bayan cin abinci.

Maman Ummi:
Wallahi kuwa da ƙafa yaje isha'i 😅 na gode